Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli A Lambun Yara, Argungu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Kwamishina ranka shi daɗe, wakilin Mai Martaba Sarkin Kabi, hakimai da malamanmu, iyaye maza da mata, sannunku da zuwa. Yallaɓai barka da hanya, mun san aiki ya yi maka yawa a Birnin Kebbi amma ka taso takanas domin ɗiyanmu ƙanana, Allah shi saka da alheri.

Abin da ya sa munka fara wanga shiri ba wani abu mai nisa ba ne. Garin ga duniya ta san shi da kamun kifi, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara anka yi bikin kamun kifi, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma wallahi yau ka tare yaro ɗan firamare da anka haifa kusa da kogin Matan Fada ka ce ya bambance maka giwan ruwa da ƙarfasa sai ya tsaya yana kallonka, katun ɗin da ke cikin wayar babansa kuwa ya haddace su kaf. To shi ne munka ce kowace Alhamis bayan la'asar, tunda ranar ba makarantar allo, a kawo muna su nan lambu.

Ba aji muke yi ba, ba allo ba bulala. Yawo muke yi ƙarƙashin itatuwa suna taɓawa suna shinshinawa, ga kuka, ga tsamiya, ga aduwa da magarya, ga ɗorawa wadda da yawansu ba su san daga kalwarta ake yin daddawar da ke cikin miyar gidansu ba. Amma wanda ya fi ɗaure musu kai shi ne gawo, ita kam duk itatuwa na tohuwa da damina ita lokacin take zubar da ganye ta tsaya fayau, sai rani ya yi ta yi kore. Wani dattijo manomi da ke zuwa taimaka muna ya zaunar da su ya ce shi ya sa ba a sare gawo cikin gona, ganyen da ta zubar taki ne, ba ta tare wa gero rana, 'ya'yanta kuma abincin bisashe ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Haka in shamuwa ta dawo ta fara sheƙa, suna gaya wa iyayensu cewa ruwa ya kusa, kuma yanzu sun bar harbinta da danƙo, aƙalla dai in muna kallo.

Kowane yaro yana da ledar fiya wata tasa da ya cika da ƙasa da taki ya shuka iri, shi ke ba ta ruwa, ranar da ta tsiro kuwa ihun murna har bakin titi.

Wasu sun ba mu shawara mu sa ko naira ɗari ce a bakin ƙofa, munka ce a'a. Ɗan masunci da ɗiyar mai tallar awara su ne za su fara zama gida in anka sa kuɗi, kuma su munka fi nema. Malaman duk sa kai suke yi.

Ranka shi daɗe, jihar ga ce anka zaɓa anka ƙaddamar da shirin katangar itatuwa na tare hamada, can Bachaka a ƙaramar hukumar Arewa a 2014, itatuwan nan kuwa sai da masu kula da su nan gaba. Roƙonmu bai da yawa, waya muke so a kewaye wurin renon itatuwan nan saboda awaki sun gama da mu, sai rijiyar burtsatse ko da ta tuƙa-tuƙa ce don da rani da jarka muke ɗauko ruwa, in kuma da sauran irin dashe a ma'aikata muna so, musamman na gida, bedi kam muna da shi har ya yi yawa.

Yanzu in ka yarda mu taka mu zaga, yaran su za su yi maka bayani da bakinsu, akwai kuma dashen gawo guda da sunka ajiye maka ka sa da hannunka. Bisimillah yallaɓai.