Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Toshe Rijiyar Na'urar Dumama Gida?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito daga wani mai sauraro da ke da na'urar dumama gida da sanyaya shi, irin wadda ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse ta mayar da shi wata rijiyar. Ya ce ruwan garau yake fitowa, amma bututu ya yi farin ɓawo, rijiyar mayarwa kuma ta daina shanye ruwa. Yana tambaya, ina dattin ya fito?

To malam, ba daga waje ya shigo ba, a narke yake cikin ruwan tun asali. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da iskar kabon dayoksaid, ita ke ba shi ƙarfin narkar da dutsen farar ƙasa, ya riƙe sinadarin kalsiyam. Da an jawo shi sama matsi ya ragu, sai iskar ta fice, kamar an buɗe kwalbar ruwa mai gas. Kalsiyam ɗin sai ya daskare a jikin bututu. Zafi ma na ƙara abin, domin wannan sinadari ya fi narkewa a ruwan sanyi. Shi ya sa ɓawon ya fi taruwa lokacin sanyaya gida, sa'ad da na'urar ke juye zafin ɗaki cikin ruwan. Ɓawon yana hana zafi ratsawa, injin ya wahala, ya ƙara cin wuta.

Amma toshewar rijiyar, ni ƙarfe nake zargi. A can ƙasa inda babu oksijin, ƙarfe a narke yake, ido ba ya ganinsa. Da iska ta taɓa ruwan sai ya zama tsatsa ja. Akwai kuma ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa da ƙarfen, suna barin yauƙi mai like kofofin rijiya. In abin baƙi ne, to manganis ne, wani sinadari mai kama da ƙarfe. Don Allah a duba bututun mayarwa: dole bakinsa ya nutse ƙasa da saman ruwan rijiyar, kada ruwa ya riƙa zubowa daga sama yana haɗiyar iska. Wannan kuskure yana ba ni takaici, domin kauce masa ba wuya.

Wata mai sauraro kuma ta ce ba ta haƙa rijiyar ba tukuna, me za ta gwada a ruwan? Hajiya, kin yi tambaya a kan lokaci. A auna tsamin ruwan, da kalsiyam, ƙarfe, manganis da gishiri. Tsami da oksijin a bakin rijiya ake aunawa, don suna canzawa a kwalba kafin a kai ɗakin gwaji. Ƙarfen da ya wuce miligiram 0.3 a lita ya isa a yi hattara. Masana na amfani da ma'aunin ruwa da wani masani mai suna Langelier ya fitar a 1936: sama da sifili ruwan na yin ɓawo, ƙasa da sifili yana cin bututu. In sakamakon bai yi kyau ba, ki zaɓi rufaffen bututun roba da ake binnewa, wanda ruwansa ke zagayawa a ciki ba ya haɗuwa da na ƙasa.

Sai wasiƙa ta gaba.