Musanya ko cirewa: ina OH⁻ yake sauka?

Ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga gardamar da ta cika rukunoninku na WhatsApp: an haɗa 2-bromopropan da KOH (potasiyam haidroksid, sinadarin da ke ba da OH⁻), wani ya rubuta propan-2-ol, wani ya rubuta propen. Wa ke da gaskiya?

Ku dubi allo. Ga karbon na tsakiya riƙe da bromin. Ko ta yaya aka bi, bromin zai fita, wannan kowa ya gane.

Ruɗanin a nan yake. OH⁻ ɗin nan wuri biyu yake iya sauka. In ya zagayo ta bayan karbon na tsakiya ya manne, bromin ya fice ta gaba, musanya ke nan, SN2, an samu alkol, wato propan-2-ol. Amma yana iya ƙyale karbon ɗin ya fizgi haidurojin. Wane haidurojin? Bari in tsaida hoton. Ba wanda ke kan karbon mai bromin ba, na maƙwabcinsa! Ku bi kibiyoyi ukun nan, tare suke tafiya: OH⁻ ya ɗauke haidurojin ya zama ruwa, ilektoron biyu da aka bari suka faɗo tsakanin karbon biyun suka ƙulla haɗi mai ninki biyu, bromin ya tafi da nasa ilektoron. Cirewa ke nan, E2, an samu propen. Ku sake kallo a hankali.

Hughes da Ingold ne suka fayyace waɗannan hanyoyi a Landan cikin shekarun 1930.

Duka biyun suna gudana a kwalba ɗaya, yanayi ne ke zaɓar mai rinjaye. Cikin ruwa da ɗan ɗumi, musanya ta fi yawa. Cikin etanol da zafi sosai, cirewa ce ke gaba, don ƙwayoyi biyu ne ke zama uku, zafi kuwa hakan yake so.

Sai cunkoso. Amalanke ba ta shiga lungun Babbar Kasuwar Maradi, a bakin hanya take ɗaukar kaya. Haka ƙaton bas (sinadari mai fizgar haidurojin) irin tert-butoksid, ko karbon da metil uku suka kewaye: ba hanyar shiga ciki, sai a fizgi haidurojin na gefe.

Ni dai ina roƙonku ku daina haddar jadawali kawai. Yanzu ku tsaida bidiyon, ku zana kibiyoyin 2-bromobutan da KOH cikin etanol mai zafi. Maƙwabtan biyu ne, ku faɗa mini haidurojin wanne za a fi ɗauka.