Tsaka a Bayan Gilashi

(Laccar da wani malamin kimiyya ya gabatar wa iyayen yara da ɗalibai a Aboabo, Kumasi. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa.)

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Da na ce zan yi magana a kan tsaka, na ga Hajiya ta tsuke fuska. Ki yi haƙuri, Hajiya, ban zo da ita a aljihu ba. (Dariya.)

Lokacin da na je kwas a Amurka, an kai mu wani gidan adana tarihin halittu inda aka ware zaure guda don tsaka masu rai. Mutane a layi, sun biya kuɗi, suna ɗaga yaransu su leƙa. Na ce a raina, ikon Allah, abin da muke bi da silifa a Asawasi!

Tsaka ta haura iri 1,500 a duniya. Na ga tokay ta kudu maso gabashin Asiya, mai kusan tsawon rula, ga cizo. Na ga wata mai tukku a kan ido daga tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Pasifik, wadda aka ɗauka ta ƙare sai a 1994 aka sake ganinta. Amma wadda ta tsayar da ni 'yar gida ce, mai kaurin wutsiya, da ke zaune a dajin Afirka ta Yamma daga Senegal har Kamaru. Daga nan Gana da Togo da Benin ake kwasarta ana kai wa Turawa su yi kiwo. A wutsiyar take tara kitse, kamar tozon raƙumi. Sai da na haye teku kafin mu gaisa.

To, ku zo mu dubi ƙafa, don nan abin yake. Kun taɓa tambayar kanku me ke riƙe tsaka a silin, kai a ƙasa, ba ta faɗo ba? Ba danƙo ba ne. Ku duba inda ta bi, ba za ku ga laima ba. A ƙarƙashin yatsunta akwai gashi siriri wanda ido ba ya gani, dubu ɗaruruwa, kuma kowane sili ya tsattsage a baki gida ɗaruruwa, kamar asuwakin da aka tauna ya yi laushi. Saboda tsabar ƙanƙanta, bakin nan yana kwanciya a jikin bango har ba sauran tazara, sai wani ɗan ƙarfin jan juna da ke tsakanin ƙwayoyin zarra ya kama aiki. Sunan wani masani ɗan Holan, Van der Waals, aka sa wa wannan ƙarfin. Na sili ɗaya ba komai ba ne. A haɗa miliyoyi, sai ta rataye da yatsa guda a jikin gilashi. Wani masani mai suna Kellar Autumn da abokan aikinsa ne suka auna ƙarfin sili ɗaya a shekarar 2000. In za ta ɗaga ƙafa kuma, sai ta nannaɗe yatsun sama, kamar mai ɓare filasta. Yau injiniyoyi na kwaikwayon wannan ƙafa suna ƙera na'urorin hawa bango.

Ido kuwa, yawancinsu ba su da fatarsa, da harshe suke sharewa. Wutsiya kun sani: a kama, ta yar, ta bar maka tana mutsu-mutsu, wata ta tsiro.

Na'am, Baba? ... Baba yana tambaya, shin ba ita ke sa kuturta ba in ta faɗa a miya. Baba, da wannan maganar aka raine ni nima. Amma kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likita ɗan Norway, Hansen, ya gano a 1873. Daga mutum take zuwa ga mutum bayan doguwar cuɗanya, kuma tana da magani. Tsakar gida ba ta da dafi. Abin da ya tabbata shi ne kashinta, ɗan baƙin nan mai farin kai, yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa. Don haka iyayenmu mata da ke cewa a rufe tukunya sun yi daidai, dalilin ne ya sha bamban. Batun hadisin da ya zo a kan kashe ta kuwa, ga Malam Liman nan zaune, ba zan yi sallah a gaban liman ba.

Ɗalibai, ga aikinku. Yau da daddare ku tsaya ƙarƙashin ƙwan lantarkin ƙofar gida, ku zaɓi tsaka ɗaya, ku ƙirga ƙwarin da za ta kama cikin minti 10. Ku rubuta a takarda ku kawo mini ranar Litinin. Wanda aka ɗauke wa wuta a layinsu, na ɗaga masa zuwa Talata.