A duba sawu kafin a ce damisa ce

Jama'a masu saurare, wannan abu ya ishe ni. Da an wayi gari an ga awaki kwance cikin jini a bayan gari, kafin hantsi labari ya gama WhatsApp wai damisa ta shigo, mata su hana yara zuwa rafi, samari su fito da gora da adda, can kuma wani ya je ya barbaɗa guba a mushen. Mutum nawa ne cikinsu ya tsuguna ya duba sawu?

Ai ƙasa ba ta ɓoye komai. Kare in ya taka, farcensa sai ya fito a gaban kowane yatsa, sawun kuma ya ɗan yi tsawo. Damisa da zaki da muzurun daji duk dangin mage ne, suna janye farcensu ciki in suna tafiya, sawunsu a zagaye yake, babu huda a gaba, tafin kuma yana da tudu 3 ta baya. Je ka dubi sawun magen gidanku a jiƙaƙƙiyar ƙasa zaka gane abin da nake faɗa. Kura ma farcenta na fitowa kamar na kare, sai dai ita tana farfasa ƙashi, kashinta kuma fari fat in ya bushe.

Sannan a duba dabbar da aka kashe, a feɗe fatar wuya. Damisa maƙogwaro take kamawa ko ƙeya, ta shaƙe, ka ga hudar fiƙa 4, ta ja abarta cikin duhuwa ko ta haye bishiya da ita. Karnuka fa? Ɓarna ce zalla, a yage cinya a tsinke kunne a fasa ciki, a bar tumaki biyar shida warwatse da rauni wasu ma da sauran rai, naman kuma ba a ci wani abin kirki ba. Na yarda damisa in ta faɗa cikin rufaffen garke tana iya kashe da yawa, amma ko a nan wuya zaka duba, cizon a wuya yake.

Wani zai ce ai na ga idanunta na ƙyalli da dare. Haba malam! Idon kare ma yana ƙyalli in ka haska shi da tocila, na akuya ma haka. A duba sawu.

In kuma zaki ake zargi, wani bincike da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kusan 400 ne kacal, akasarinsu a dajin W da Arly da Pendjari tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, namu na Najeriya 'yan tsiraru ne a Yankari da Kainji. Karnukan da ba mai ciyar da su kuwa ga su nan garke-garke a kowace bola da mahauta. Gubar da aka zuba angulu da dila take kashewa, karnukan kuma su dawo jibi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ciwon haukan kare. In kare ne ya yi cizon, wanda ya taɓa raunin da tsagaggen hannu yana cikin haɗari, wanda karen ya ciza kuma dole a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a garzaya asibiti allura. Ku rufe sawun da kwano kada a tattake, ku ɗauki hoto da kwalin ashana a gefe don a ga girmansa, ku kira malamin dabbobi ko tsohon maharbin garinku ya zo ya gani.