Darasin Yau: Jiragen Yaƙin Sojojin Saman Najeriya, Daga MiG Zuwa Super Tucano

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Yau darasinmu kan Rundunar Sojojin Saman Najeriya ne. Ku gyara zama.

A watan Afrilun 1964 majalisa ta yi dokar kafa rundunar. Amma tun 1962 aka fara tura samari ƙasar Habasha koyon tuƙin jirgi, daga baya aka tura wasu Kanada da Indiya. Jamus ta Yamma ce ta ɗauki nauyin gina rundunar, shi ya sa shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Sai a 1966 ɗan ƙasa, George Kurubo, ya karɓi ragama.

To, ana cikin koyon rarrafe sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Jiragen da ke hannu duk na horo ne da jigila. Ingila da Amurka suka ƙi sayar da jiragen yaƙi, gwamnatin Gowon ta juya ga Tarayyar Sobiyet. Aka sauke MiG-17 a filin jirgin saman Kano, aka samo L-29 daga Cekoslobakiya, matuƙa daga Masar suka zo suna tuƙa wasu. Ku riƙe wannan da kyau, domin tun daga nan rundunar ta saba sayayya a duk kasuwar da ta buɗe mata ƙofa.

Da kuɗin mai suka shigo, sai aka shiga saye babu kama hannun yaro: MiG-21 da jirgin jigila C-130 Hercules a tsakiyar shekarun 1970, Alpha Jet na haɗin gwiwar Faransa da Jamus a farkon shekarun 1980, sai Jaguar guda 18 daga Ingila a 1984.

A nan nake so mu ɗan tsaya. Jaguar shi ne jirgi mafi ƙarfi da muka mallaka a zamaninsa, amma bai cika shekara goma yana tashi ba aka ajiye shi. Me ya sa? Tsadar kula da shi da rashin kayan gyara. Shi kuwa Alpha Jet, da aka ƙera musamman don horo da ƙananan hare-hare, shi ya yi aikin ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, kuma shi aka sake tasowa da shi kan Boko Haram. Ni a ganina wannan ne babban ciwon rundunar, kuma tushensa tara jirage daga ƙasashe daban-daban. Jirgin Rasha daban, na Sin daban, na Turawa daban, kowanne da injiniyoyinsa da kayan gyaransa da irin makamansa. Makanikin da ya ƙware a ɗaya, sai ya koma ɗalibi a gaban ɗayan.

An kuma sha baƙin ciki. Ran 26 ga Satumba 1992 wani C-130 ya faɗi a Ejigbo, Legas, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu hafsoshi. A Janairun 2017 kuma jirgin rundunar ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno. Allah ya jiƙansu.

Yanzu me ke hannu? Akwai F-7 na ƙasar Sin, da JF-17 guda uku daga Pakistan da aka ƙaddamar a Makurdi a 2021. A shekarar ce kuma A-29 Super Tucano suka iso daga Amurka, guda 12, mazauninsu Kainji. Wani zai ce, jirgi mai farfela a wannan zamani? E, domin yana daɗewa a sama yana shawagi, ba ya shan mai sosai, kuma ɗan bindigar da ke kan babur a daji ba sai da jirgi mai gudun sauti ake binsa ba.

Ɗalibai a Kaduna suke farawa da Super Mushshak, sannan su wuce Kano kan L-39. An kuma yi odar M-346 guda 24 daga Italiya.

Masu saukar ungulu irin su Mi-35 na Rasha da T-129 na Turkiyya, da jirage marasa matuƙi kamar Tsaigumi, sai darasi na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.