Tsofaffin ɗalibai ba rowa gare su ba, lissafi suke jira

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk lokacin da bikin yaye ɗalibai ya zagayo a manyan makarantunmu, sai an sake kaɗa gangar nan da muka saba ji. A kafa rumfuna, a yi hayar kujeru, a gayyato babban mai ƙaddamarwa, a ce za a kafa gidauniya. Mai shela ya riƙe lasifika yana faɗin wane ya ba da miliyan goma, wane ya yi alƙawarin gina ɗakin kwanan ɗalibai. A tafa, a ci shinkafa, a watse. Bayan shekara ka tambayi nawa ya shigo hannu, babu mai amsa maka. Sai dai ka ji wani shugaba yana ƙorafi wai tsofaffin ɗalibanmu ba su da kishi, wai rowa gare su.

Wannan maganar ta ishe ni. Ba rowa ba ce, rashin lissafi ne, kuma laifin na shugabanni ne.

An kafa jami'ar da yau ake kira Usmanu Danfodiyo a 1975, ɗalibai suka fara shiga aji a 1977. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ma ta girme ta. Ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Waɗanda makarantun nan suka yaye sun cika asibitoci da kotuna da bankuna da kasuwanni. Waɗannan mutanen su ne kullum ake gani suna haɗa kuɗi a rukunin WhatsApp na ajinsu idan ɗan'uwa ya kwanta asibiti ko ya rasu ya bar marayu. Me ya sa suke bayarwa a can? Saboda ma'aji yana liƙa jerin sunaye da abin da kowa ya tura, kuma a ƙarshe a ga rasit. Ina rowar take?

Na san wasu za su ce ilimi nauyin gwamnati ne, kada a sauke mata. Babu wanda ya ce a sauke. Amma asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, yana da ƙa'idojin abin da yake kashe wa kuɗi, kuma yajin aikin wata takwas da malaman jami'o'i suka yi a 2022 ya nuna mana yadda jiran Abuja yake. Yaron da ya rasa kuɗin rajista a wannan zangon ba zai jira a gama gardama ba.

To, mene ne aikin shugaba? Na farko, ya san mutanensa. Kowace shekara makaranta tana tura sunayen waɗanda suka kammala zuwa hukumar hidimar ƙasa, wato jerin yana nan. Abin da ya rage shi ne, ranar da ɗalibi ya zo karɓar takardar kammalawa, a ɗauki lambar wayarsa, da imel, da sashe, da shekara, da lambar wani ɗan'uwansa, domin waya tana ɓacewa, layi yana mutuwa. Kowane aji a ba shi wakili ɗaya mai sabunta jerin sau ɗaya a shekara. Ma'aikata biyu da kwamfuta ɗaya sun isa a fara. Amma sai a bari sai ana saura mako uku biki a shiga neman lambar wane. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kafin a roƙi mutum, a duba yadda aka bi da shi. Wanda ya yi wata da watanni yana safa da marwa kan takardar sakamakonsa har gurbin karatu ya wuce shi, da wace fuska za a aika masa da wasiƙar neman taimako? Ofishin rajista shi ne ƙofar gidauniya, ko shugabanni sun sani ko ba su sani ba.

Sai batun alƙawari. Shelar da aka yi a bainar jama'a ba kuɗi ba ce. A sa mai alƙawari ya sa hannu a takarda a wurin: nawa, kashi nawa, yaushe. Cikin mako guda wasiƙar godiya ta isa gare shi da lambar asusu, kuma shugaban makaranta da kansa ya kira manyan, ba a bar wa ƙaramin ma'aikaci ba. Kuma a daina raina ƙaramin kuɗi. Mu buga lissafi: mutum 5,000, kowa naira 2,000 a wata, miliyan 10 ke nan a wata, miliyan 120 a shekara. Ba hayar rumfa, ba mai shela.

Amma duk wannan banza ne idan ba a san inda kuɗin zai kwana ba. Tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya suna shiga asusun bai-ɗaya, mai bayarwa kuma yana tsoron gudummawarsa ta narke cikin kuɗin dizal da alawus. Maganin shi ne gidauniya mai zaman kanta, da rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da amintattu waɗanda mafi yawansu ba ma'aikatan makarantar ba ne, da sa hannun mutum biyu ko uku kafin kwabo ya fita, da mai binciken kuɗi daga waje. Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya gare shi na shekara biyar. Gidauniyar da aka ɗaura a wuyansa, da shi za ta tafi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ana ta kawo mana misalin jami'ar Harvard da asusunta na sama da dala biliyan 50, kamar daga Amurka aka fara abin. Waƙafi fa? Da waƙafi Azhar ta Masar ta rayu ɗaruruwan shekaru, kuma a nan Sakkwato muna da Hukumar Zakka da Waƙafi. Ƙa'idar ɗaya ce: ba a taɓa uwar kuɗi, riba ake ci. A gina shaguna a ba da haya, ko a sayi sukuk, wato takardar zuba jari irin ta Musulunci, na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017. Ko ribar ma ba duka ake kashewa ba. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda ya cinye ribarsa kaf a irin wannan shekara, uwar kuɗinsa ta rame ko da adadin bai canza ba. Ko amintattu za su iya haƙurin mayar da wani kaso alhali rufin aji yana yoyo, wannan kam ina da shakka. Shi ya sa a rubuta ƙa'idar tun kafin kuɗi ya shigo.

Attajirai suna bayarwa, mun gani: Aliko Dangote ya gina makarantar koyon kasuwanci a Jami'ar Bayero. Amma mai miliyan da mai dubu tambayarsu ɗaya: ina lissafi? Idan an ce rijiyar burtsatse za a haƙa wa ɗakin kwanan ɗalibai mata, a faɗi kuɗinta, a nuna ruwa yana zuba a zafin Afrilu, a faɗi canjin da ya rage.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, kafin ka sake buga katin gayyata, ka buga mana shafi ɗaya kan gidauniyar da ta gabata: nawa aka yi alƙawari, nawa aka karɓa, me aka yi da shi, nawa ke asusu a yau, wa ya sa hannu. A liƙa shi a allon sanarwa, a tura wa wakilan aji, a kawo mana nan gidan rediyo mu karanta.