Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Ɗakin 'Yar Tsana Ba Sai da Kuɗi Ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware yau, kuma dukkansu a kan 'yar tsana suke.

Ta farko daga wata uwa ce a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi. Ta ce 'yarta mai shekara bakwai ta dame ta sai an yi wa 'yar tsanarta kayan Sallah, ita kuwa ba za ta iya yanko yadi don abin wasa ba. Ina mafita?

Hajiya, kada ki yanko komai. Je ki wurin telan da ke yi miki ɗinki ki dubi ƙarƙashin kekensa. Duk turmin atamfa mai yadi 6 da aka yanka, sai an bar ƙyallaye a wajen fitar da wuya da hammata, kuma wanda bai wuce tafin hannunki ba ya isa rigar 'yar tsana. Sai dai ki san lokacin zuwa. Ana saura kwana uku Sallah tela ba ya ganin kowa. Tun farkon azumi za ki miƙa masa leda ki ce ya riƙa jefa miki a ciki. Wasu telolin suna tara ƙyallen su sayar wa masu cusa matashi, to idan ya nemi ɗan wani abu ki ba shi da daɗin rai. Idan telanki ba ya tarawa, ki zaga wurin telolin Kasuwar Wunti.

Wajen zaɓe ne ake yawan kuskure. Ido yakan tafi kan atamfa mai manyan furanni, alhali fure ɗaya ya fi 'yar tsanar girma, in an ɗinka sai a ga launi kawai ba zane. Ki nemi mai ƙananan zane, ko yadi marar zane, kuma marar kauri. Sabuwar shadda tana da tauri, ba ta kwanciya a ƙaramin jiki sai an wanke ta ta yi laushi. Gefen tsohon gyale yana ba da mayafi mai kyau, bakin leshi kuma ya zama adon wuya. Kayan jarirai na gwanjo, waɗanda suka yage har mai su ya fid da rai da sayarwa, su ne suka fi kowane yadi ƙananan zane. Har safa da ta rasa 'yar'uwarta tana da amfani: a yanke ƙafar, a huda wurin hannuwa biyu, an samu doguwar riga ba tare da allura ba.

Kan 'yar tsana ya fi wuyan rigarta girma, saboda haka ki tsaga rigar ta baya ki sa igiya ko ƙaramin maɓalli. Bakin ƙyallen kuma ki shafa masa farin gam kaɗan, ba zai zare ba. Ni dai da za ki bi tawa, ki yanka ki bar yarinyar ta yi ɗinkin da hannunta kina gefe. Zai karkace, amma da yawa daga cikin matan da ke cin abinci da keke yau a kan zanen 'yar tsana suka fara riƙe allura.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin firamare ce a Azare. Yana so ɗalibansa su haɗa ɗakin 'yar tsana da gado da kujeru a darasin sana'ar hannu, amma makarantar ba ta ware ko sisi ba.

Malam, Allah ya saka da alheri. Ka fara da awo kafin kaya. Masu wannan sana'a a Amurka da Ingila sun fi amfani da ma'aunin 1 bisa 12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Gado mai tsawon ƙafa 6 zai zama inci 6, ƙofa mai ƙafa 7 ta zama inci 7. Amma 'yar tsanar roba irin Barbie, wadda ta fito a 1959, tsawonta inci 11 da rabi ne, don haka nata ma'aunin 1 bisa 6 ne, gadonta sai ya zama inci 12, wato ƙafa ɗaya. Ka ga ka samu darasin lissafi a ciki kyauta.

Bango da daɓe, kwalin taliya ko na sabulu daga mai shago ya wadatar. A manna biyu, layin cikin ɗaya a tsaye na ɗayan a kwance, ba zai lanƙwashe ba. Gado da kujera kuwa, ba abin da ya kai karan dawa, kuma bayan girbi ga shi nan zube a gonaki. Ka zaɓi busasshe wanda ruwa bai taɓa ba. A ɓare ɓawon a tsaga shi siri-siri, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa. Totuwa ita ce ƙafafu da ginshiƙi, ɓawon kuma shi ne ƙusa, ana soka shi ya riƙe ba tare da gam ba. Yadda yara maza ke haɗa motar kara ke nan tun kaka da kakanni, kuma na tabbata a ajinka akwai wanda ya iya, ka ba shi jagoranci. Ɓawon yana da kaifi, yana yanka yatsa, don haka ɓarewar ta zama aikin manyan ajin.

Sauran kayan suna hannun masu sana'a. Mai gyaran kushin yana zubar da guntayen soso, ga katifa ke nan. Kafinta yana share guntun katako da na silin kullum. Kwalin ashana uku a jere bisa juna, a liƙa wa kowane dutsen ado a gaba, ya zama durowa mai buɗewa. Marfin kwalbar lemo faranti ne, murfin man goge baki kuma bokiti. Kaba a tsaga ta siriri a saƙa tabarma da faifai, audugar rimi a cusa matashi, yumɓu a gina tukunya da murhu a shanya a inuwa don kada su tsage.

Gam kaɗai ne zai ci kuɗi, kuma robar farin gam na kafintoci guda ɗaya za ta yi wa aji nisa. In babu, a jiƙa ƙaro, wanda ake sa wa tawadar allo, yana kama takarda da ƙyalle sosai. Sitacin rogo da aka dama shi ma yana kamawa, sai dai yana kiran kyankyaso da ɓera, don haka a ajiye aikin a sama.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata budurwa a Pantami, Gombe. Tana tambaya ko gwangwanin tumatir zai yi tukunyar 'yar tsana, don ƙanwarta mai shekara biyu.

'Yata, a'a. Bakin gwangwani yana yanka, kuma yana tsatsa. Yaron da bai kai shekara uku ba komai baki yake kaiwa, saboda haka maɓalli, dutsen ado, marfin kwalba da ƙaramin batir duk a nisanta su da ita, suna iya maƙale mata a wuya. Ki ɗinka mata 'yar tsana ta ƙyalle zalla, ki cusa auduga, ido da baki ki yi su da zare, ki bi ɗinkin sau biyu yadda ba za ta iya farkewa ba. Tukunya kuma ki ba ta ƙaramin ƙoƙo.

Akwai wasiƙar da ta zo daga Misau a kan rina ƙyalle a gida, ita za mu fara da ita a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.